Yadda Ake Buga Gem na Onlayin da Mutane a Ji Daɗi Ba Tare da Tawaga Ta Watse Ba

Tambaya ɗaya ce ake ta jefo min ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce duk tawagar da ya shiga ba a minti biyar an share su, wani ya ce abokan wasansa ban da zagi ba abin da suka iya, wata kuma ta ce tana so ta fara bugawa da mutane amma tana gudun a yi mata dariya tunda ba ta iya ba tukuna. To bari in haɗa amsar a wuri ɗaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne yawancin abin da ke lalata wasan tawaga ba rashin iya harbi ba ne, abubuwa ne da ake gamawa da su tun kafin a danna fara wasa: wane gem, wane irin netwok, su wa za ka buga da su, wa zai yi magana wa zai yi shiru. Zan fi ba da misali da gem ɗin waya tunda a kansu aka fi tambaya, amma mai kwamfuta da mai PlayStation ma matakan nan za su yi masa aiki.

Mataki na 1: Ku zaɓi gem ɗin da kowa zai iya ɗauka

Kafin komai ku duba abu biyu, wayar da ta fi rauni a cikinku da kuma lokacin da kuke da shi. PUBG Mobile da ya fito a 2018 mutum 100 ake zubawa a taswira ɗaya, tawaga mutum huɗu-huɗu, kuma in kuka daɗe a raye wasa ɗaya sai ya ci rabin awa. Free Fire na kamfanin Garena mutum 50 ne, wasan gajere ne, kuma da ma an gina shi ne yadda ƙananan wayoyi za su iya ɗauka. Mobile Legends biyar da biyar ne, kowa da aikinsa, mutum ɗaya ya fita a tsakiyar wasa sauran sun shiga uku. Call of Duty Mobile yana da duka biyun, akwai ɗan gajeren faɗa na biyar da biyar akwai kuma babbar taswira.

In kuma lokutanku ba sa haɗuwa, wannan yana aiki da rana wancan da dare, to ku duba irin su Clash of Clans na Supercell. Can ƙungiya ɗaya tana ɗaukar har mutum 50, yaƙin ƙungiya kusan kwana guda ake yi ana shiri kwana guda ana kai hari, kowa hari biyu gare shi kuma duk lokacin da ya samu sarari a ranar zai shiga ya yi nasa. Wanda ba ya son harbe-harbe sam akwai Minecraft da ake haɗuwa a yi gini, sai dai shi sayensa ake yi, akwai kuma Among Us da ke ɗaukar har mutum 15 wanda kusan duk wasan hira ce da gano maƙaryaci.

Gargaɗi: kar ku zaɓi gem don mai babbar waya yana sonsa. In wayar mutum ɗaya tana tsayawa duk sanda aka fara musayar wuta, shi zai riƙa mutuwa da fari kullum, shi za a riƙa ɗora wa laifi, kuma shi zai fara daina zuwa.

Mataki na 2: Gyara netwok da waya

A gefen allo za ka ga wata 'yar lamba da ms a gabanta, ita ake kira ping. Lokaci ne da saƙo ke ɗauka ya tashi daga wayarka ya je sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. In tana ƙasa da 100 za ka buga lafiya lau, in ta haura 150 za ka fara ganin ka riga mutum harbi amma kai ka faɗi, ko ka shige bayan bango amma harsashi ya same ka. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, ping ɗin da ya tsaya a 110 cak ya fi wanda ke tsalle daga 50 zuwa 300 daɗin wasa nesa ba kusa ba, don na farkon hannunka zai saba da shi, na biyun ba yadda za ka saba.

Ga abin da za ka yi a jere. Rufe duk manhajar da ke sauke abu ta bayan fage, ka kashe sabunta manhajoji da kansu a Play Store. In Wi-Fi kake amfani da shi kuma kana kusa da na'urar, ka hau layin 5GHz, ya fi sauri kuma ba cunkoso, in kana nesa ko akwai bango tsakani 2.4GHz ya fi kaiwa. Ka shiga saitin gem ɗin ka rage kyawun hoto ka ƙara saurin motsi, gara hoton ya zama ba wani armashi amma yana tafiya sumul. Ka cire rigar wayar in tana zafi, don waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Sannan ka kunna yanayin da ke hana kira da saƙo faɗo maka a allo, saboda a wayoyi da yawa kira na shigowa data ke yankewa.

Maganar kuɗin data kuwa, wasan kansa bai cika ci ba, 'yan megabayit ne a awa, abin da ke cinye data shi ne saukewa ta farko da ofdet da sababbin taswirori, waɗannan kam gigabayit ake magana. Don haka ofdet a yi shi tun da wuri, ba sai an taru mutum uku na jira a lobi, wato wurin da ake taruwa kafin a fara wasa, kai kuma kana kashi 12 cikin ɗari ba.

Gargaɗi: ku tabbata dukanku sabar ɗaya kuka zaɓa kuma wadda ta fi kusa da yawancinku. PUBG Mobile ba ya barin mutum ya riƙa canza sabar yadda ya ga dama, in ka canza sai ka yi dogon jira kafin a ba ka damar sakewa, to ku yi shawara kafin kowa ya danna.

Mataki na 3: Kulle akawun ɗinka

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Kar ka zauna a matsayin baƙo, ka haɗa akawun ɗin da Google ko Facebook ko imel, in ba haka ba ranar da wayar ta lalace ko ka goge gem ɗin komai na iya tafiya. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kan wancan akawun ɗin da ka haɗa. Sunan da za ka saka a gem kuma kar ya zama cikakken sunanka ko shekarar haihuwarka ko lambar wayarka, ka zaɓi gajere mai sauƙin kira, don a tsakiyar faɗa ba wanda zai tsaya karanta suna mai alamomi goma.

Mataki na 4: Ka fara koya kai kaɗai

Kusan kowane gem yana da filin gwaji, ka shiga ka ɗauki bindigogin ɗaya bayan ɗaya ka ji yadda kowace ke ɗaga kai in ana harbi, ka matsar da maɓallan allo inda yatsunka ke kaiwa ba tare da miƙa ba. Mutane suna son kwafo saitin wani gwani da suka gani a YouTube, amma girman allonsa daban hannunsa daban, ka ɗauki nasa a matsayin mafari kawai ka riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan, kuma in ka samu wanda ya zauna maka ka bar shi haka, mai canza saiti kullum hannunsa ba ya taɓa sabawa.

Ka san kuma cewa wasannin farko da sabon akawun yawanci cike suke da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, shi ya sa za ka kashe mutum takwas a ranar farko ka ji kamar ka gama iyawa. Bayan 'yan kwanaki za a fara haɗa ka da mutane na gaske abin ya canza. Ba kai ka lalace ba, yanzu ne wasan ya fara.

Gargaɗi: kar ka shiga wasan rank, wato na hawa matsayi, da mutanen da ba ka sani ba alhali kana koyo. Can maki ake nema, ran kowa a kusa yake, nan ne sabon shiga ya fi shan zagi. Ka tsaya a wasan da ba maki sai ka san taswira.

Mataki na 5: Nemo mutanen da za ka buga da su

A ganina nan ne rabin jin daɗin yake. Ka fara da mutum ɗaya, ba sai kun cika huɗu ba, mutum biyu da suka fahimci juna sun fi huɗun da kowa ke harkar gabansa. In ba ka da kowa, ka bar gem ɗin ya haɗa ka da baƙi amma ka sa ido: wa ya dawo ya tashe ka da aka kayar da kai, wa ya ajiye maka harsashi ba ka roƙa ba, wa ya tsaya da mota ya jira ka. Irin wannan da an gama wasa ka tura masa neman abota nan take, sunayen waɗanda kuka buga tare suna nan a jerin kwanan nan. A hankali haka ake tara mutane. Akwai kuma ƙungiyoyin cikin gem ɗin, da zaurukan Discord da gurup-gurup na WhatsApp da Telegram da ake neman abokan wasa.

Kar ka ce sai gwani. Gwanin da ke huci duk sanda aka yi kuskure zai gajiyar da kai cikin mako guda. Ka nemi wanda lokacinku ya zo ɗaya, wanda ke jin magana, wanda in an ci ku zai ce a sake ba tare da ya nemi mai laifi ba.

Sannan tun ranar farko ku yi magana ɗaya a fili: me muka zo yi, hawa rank ko nishaɗi? Rikici da yawa daga nan yake tasowa, ɗaya ya zo da gaske yana lissafin maki, ɗaya kuma ya zo ya huta ne yana tuƙa mota yana danna hon a tsakiyar gari. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, ba su dai faɗa wa juna ba ne. Wasu tawagogin suna raba ranaku, yau na maki gobe na shashanci, kuma yana aiki sosai.

Gargaɗi: wanda kuka haɗu a gem abokin gem ne har sai lokaci ya nuna wani abu daban. Ba adireshi, ba hoton gida, ba sunan makaranta, ba tura kuɗi. In yaro ne ke bugawa, babba ya san su wa yake magana da su.

Mataki na 6: Sauti da magana

Kayan aikin da ya fi komai muhimmanci bayan waya shi ne iyafis, kuma mai igiya ya fi, don na Bluetooth yawanci sautin yana ɗan makara, kafin ka ji takun mutum ya riga ya shigo ɗakin. Ka tabbata ka sa na dama a dama na hagu a hagu, gem ɗin yana nuna maka ta inda mutum yake ne ta kunnen da sautin ya fi ƙarfi. Kar ka buɗe mayik alhali sautin na fita ta lasifikar waya, muryar kowa za ta riƙa dawo masa, ba abin da ke sa mutane su kashe maka murya da sauri kamar wannan. In inda kake akwai hayaniya, fanka ko talabijin ko yara, ka sa saitin da sai ka danna kafin a ji ka. A PUBG Mobile kuma ka duba ko mayik ɗinka yana kan tawaga ne ko kan kowa.

Yanzu ita maganar kanta. Mutum ya hango abokan gaba sai ya hau ihu, "Ga su nan! Ga su can! Kai ku zo, ku zo!" Ina ne nan, ina ne can? Su ukun da ke sauraro sai kowa ya hau juya allo yana nema, kafin su gane an kayar da biyu. Dubi wannan kuma: "Mutum biyu, 210, bayan dutse, kamar mita ɗari, na ji wa ɗaya ciwo." Numfashi ɗaya, amma kowa ya san yawansu, ya san inda zai juya, ya san nisan, ya san kuma akwai mai rauni da za a iya afka wa. Tsarin kenan kullum: su nawa, ta ina, nisa, wane hali suke ciki.

Ita lambar 210 ɗin daga layin da ke saman allo take, wanda ke zagayawa daga 0 zuwa 360, arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Amma a kula, lambar daga inda kai kake tsaye take aiki. In abokinka yana gefenka za ta yi masa daidai, in yana can wani tudu mai nisa 210 ɗinka ba 210 ɗinsa ba ce, a nan sai ka dasa alama a wurin ko ka kira sunan abin da kowa ke gani, jan gida, hasumiya, gada. Yana da kyau tawaga ta raɗa wa wuraren da take yawan zuwa sunayenta, in aka ce "gidan bene na kwana" kowa ya gane ba sai an yi bayani ba.

Shiru ma aiki ne. Da wani ya ce "taku", kowa ya tsuke bakinsa, labarin da ake bayarwa ya jira. Wanda aka kashe kuma yana kallon wasan abokinsa, ya faɗi abin da ya gani sau ɗaya ya yi shiru, ba ya zauna yana "harbe shi mana, juya, a'a ba can ba, sha magani" ba, wanda ya rage shi kaɗai da mutum biyu a kansa kunnensa yake buƙata fiye da shawararka.

Wanda ba ya son buɗe murya, ko kuka haɗu da mutumin da ba ku jin yaren juna, ba a rasa hanya ba. Apex Legends da ya fito a 2019 ya yi suna da tsarin dasa alama, ka nuna abokin gaba ko bindiga ko inda za a nufa da dannawa ɗaya, kuma yanzu yawancin gem suna da irinsa tare da gajerun saƙonnin da aka riga aka rubuta. Ka shiga saiti ka jera waɗanda ka fi buƙata a sama: akwai mutane a gaba, ina buƙatar harsashi, ku taru, na gode. Na ƙarshen nan kar ka raina shi.

Mataki na 7: Ku raba aiki

Mutum ɗaya ne zai riƙa yanke shawara, ina za a sauka, yaushe za a tashi, a yi faɗan nan ko a kauce. Ba lallai ya zama wanda ya fi kisa ba, wanda ya fi kallon taswira kuma hankalinsa ba ya tashi shi ya dace. In ya ce a tafi a tafi, ko kana ganin ba daidai ba ne, don shawara mai rauni da mutum huɗu suka bi tare ta fi mai kyau da aka rabu biyu a kanta. Gardamar a ajiye ta sai an fito lobi. Kuma a riƙa juya jagorancin lokaci-lokaci don kowa ya koya.

Sauran kuma, ɗaya mai shiga gaba da bindigar kusa, ɗaya mai harbin nesa da ke hango muku hanya, ɗaya mai ɗaukar magani da gurnetin hayaƙi da yawa yana kula da baya. A Mobile Legends rabon ya ma fi tsauri, akwai mai layin zinare, mai layin EXP, wato makin ƙara ƙarfi, mai tsakiya, mai daji, da mai yawo yana taimakon kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum uku su nace sai sun ɗauki maharbi, a shiga wasa ba mai tare gaba, an faɗi tun ba a fara ba. Ka koyi aƙalla aiki biyu, ɗaya daga ciki ya zama wanda mutane ke gudu, irin tanki, wato mai tare gaba yana shanye duka, ko mai taimako. Mai iya waɗannan ba ya rasa tawaga.

Mataki na 8: Cikin wasan

Sauka. Ku sauka wuri ɗaya amma ba gida ɗaya ba, kowa ya ɗauki gininsa kusa da juna yadda in an taɓa ɗaya sauran za su iso cikin 'yan daƙiƙu. Wurare irin Pochinki a taswirar Erangel ko Peak a Bermuda ta Free Fire suna da kaya amma suna da jama'a, sabuwar tawaga ta fara da gefe tukuna. Kuna cikin lemar saukowa daga jirgi ku riƙa waigawa kuna ƙirga tawaga nawa ta sauko tare da ku.

Kwasar kaya. Ka faɗi abin da ka samu da abin da ka rasa. In kana riƙe da M416 harsashin 5.56 kake buƙata, na 7.62 da ka tsinta ka ajiye wa mai AKM, madubin nesa mai 8x a ba mai harbin nesa ko da kai ka fara gani. Wanda ya kayar da mutum shi ke fara buɗe akwatinsa, wannan ladabi ne da kowa ya sani. Kuma kar ku taru ku huɗu a kan akwati ɗaya kowa kansa a ƙasa, biyu su kwasa biyu su yi gadi, don ƙarar faɗan da kuka gama ta riga ta kira wata tawagar.

Tafiya. Ku tashi tun da'irar, wato iyakar filin wasan da ke ta tsukewa, ba ta matso ba. Tazarar da ke tsakaninku ta zama yadda gurneti ɗaya ba zai kwashe ku duka ba, amma kowa na ganin ɗan uwansa. In za a tsallaka fili, biyu su wuce biyu su tsare musu, sannan a juya.

Faɗa. Ku haɗa wuta a kan mutum ɗaya. Da ya faɗi kun zama huɗu da uku, lokacin shiga kenan, kuma a shiga tare, a ƙirga ɗaya biyu uku in ya kama. Mai shiga shi kaɗai don yana son kisan ya hau sunansa shi ke jawo wa tawaga asara.

Tayar da wanda ya faɗi. Nan ne zuciya ke rinjayar hankali. Abokinka ya faɗi a fili yana rarrafe, jininsa na raguwa, kai kuma ka ruga da gudu ka durƙusa a kansa, wanda ya harbe shi da ma abin da yake jira kenan, yanzu kun zama biyu a ƙasa. Tsarin shi ne: wanda ya faɗi ya fara magana, "An kayar da ni, kar ka zo tukuna, yana kan rufin jan gidan yana kallona," sannan ya rarrafa zuwa bayan wani abu, bishiya ko dutse ko mota. Kai kuma ka jefa hayaƙi tsakaninsa da maharbin, a Free Fire ka dasa bangon ƙanƙara, ka jira ya rufe, sannan ka shiga, na ukunku yana harbi ta wajen don ya hana wancan ɗaga kai. A PUBG tayarwa kusan daƙiƙa goma take ci, kuma duk sanda aka sake kayar da mutum jininsa ya fi saurin ƙarewa. Da ya tashi ka zube masa magani, kar ka tashe shi ka tafi ka bar shi da ɗigon jini.

Gargaɗi: wani lokacin ba a iya ceto. In da'ira ta rufe shi ko tawaga biyu na kansa, shi da kansa ya ce "ku tafi", kuma kar ya riƙe abin a ransa.

Mataki na 9: In rai ya ɓaci

Za ka haɗu da masu zagi, wannan babu makawa. Kar ka rama, ramawa ba ta taɓa sa wani ya gyara wasansa ba, hankalinka kawai za ta ɗauke daga allo. Ka kashe muryarsa, ka gama wasan, ka kai ƙararsa ta maɓallin ripot, ka toshe shi. Mata suna shan wannan fiye da kowa, da an ji muryar mace wasu sai su fara maganar banza, in a tawagarka abin ya faru kar ka yi shiru ka bar ta ita kaɗai, ka ce a daina, in ba a daina ba a cire mutumin.

Tsakaninku abokai kuma yadda ake faɗar gyara shi ne komai. "Me ya kai ka can kai kaɗai?" faɗa ne. "In za ka shiga ka faɗa min in bi ka" gyara ne, kuma abu ɗaya suke nufi. Sabon shiga a ba shi gyara ɗaya a wasa ɗaya, in ka jero masa bakwai ba ko ɗaya da zai riƙe, kuma ranar da ya yi abin kirki, ko hayaƙi ya jefa a kan lokaci, a faɗa masa.

Gargaɗi: kar ka fita a tsakiyar wasa don haushi. Ban da cutar da mutanen da suka dogara da kai, gem irin Mobile Legends yana rage maka makin ɗa'a, in ya yi ƙasa sosai a hana ka shiga rank.

Mataki na 10: Kuɗi, 'yan damfara da masu cuta

Yawancin gem ɗin nan kyauta ake sauke su, kuɗinsu a kayan ado suke samu, waɗanda ake saye da kuɗin cikin gem, UC a PUBG Mobile, daimon a Free Fire da Mobile Legends, CP a Call of Duty Mobile. Ba sai ka sayi komai ba kafin ka zama abokin wasa nagari. In za ka saya ka yanke wa kanka iyaka a wata, ka sayi abin da ka ga farashinsa a fili, ka guji akwatunan sa'a da ake juyawa, don can ne mutum ke cewa saura sau ɗaya har ya zuba abin da bai yi niyya ba. Ka sa wayar ta riƙa tambayar fasuwod kafin kowane saye, musamman in yara na taɓa ta. Kuma a tawaga kar a riƙa yi wa wanda ba shi da kayan ado gori.

Duk shafin da ya ce zai ba ka daimon ko UC kyauta in ka saka bayanan shigarka, ɓarawo ne, ba wani bincike da ake buƙata. Haka wanda ya ce ka ba shi akawun ya hau maka rank, ko ka turo masa lambar da aka aiko maka ta saƙo. Manhajojin cuta kuma, masu nuna mutane ta bayan bango ko masu saita harbi da kansu, PUBG Mobile yana rufe akawun har shekara 10 a kansu, kuma da yawansu ƙwayar cuta ce ke ciki mai satar bayanan waya. In ka lura abokin wasanku yana sanin inda kowa yake ba tare da ya ji ko ya gani ba, ku rabu da shi, yawan bugawa da mai cuta na iya shafar naku akawun ɗin.

Mataki na 11: Tashi da sa ranar dawowa

Ku sa lokacin tashi tun kafin ku fara, kuma ku yi doka cewa in aka ci ku sau uku a jere za a tsaya a sha iska ko a koma wasan da ba maki, don daga nan hannu ya gaji rai ya ɓaci, duk wasan da aka ƙara asara ce da faɗa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar gem cikin jerin cututtukanta, alamun da ta bayar su ne mutum ya kasa iko da lokacin da yake bugawa, ya fifita gem a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar. In kun ga ɗayanku ya fara barin barci ko karatu ko aiki saboda wasa, ku da kuke tare da shi kullum ku ne za ku fara lura, ku yi masa magana.

Kafin kowa ya fita ku ɗauki minti biyu a lobi, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gwada gobe, misali a canza wurin sauka ko a ba wani jagoranci. In kun kai takwas ko fiye, lokaci-lokaci ku buɗe ɗaki na kanku ku kara da juna huɗu da huɗu, kuna cakuɗa tawagar bayan kowane zagaye don kar gwanaye su taru gefe ɗaya, sai dai ku duba tun da wuri, a wasu gem ɗin buɗe ɗaki yana buƙatar kati na musamman. Sannan ku tsayar da rana da awa na haɗuwa ta gaba a rubuce a gurup, wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa da wuri a nemi wanda zai cike gurbinsa.